Sawun Makulli a Bakin Taga

A layin nan babu wanda ya san shi da wani suna sai Baba Tsaf, kuma shi ya ja wa kansa. Duk tagar da ya gama gogewa sai ya ja da baya, ya karkata kai, ya ce "tsaf," ko da mai ji ko babu. Tun gashinsa yana baƙi wuluk yake wannan aiki, yana goge tagogin ofisoshi da shaguna da gidajen masu hali. Yanzu gwiwa ta ƙi tsani, matarsa ta rasu, kuma an ce ya tashi daga ɗakin hayar da suka yi duk zaman aurensu a ciki. Gado bai dame shi ba, kujeru ba su dame shi ba. Abu ɗaya yake so ya fita da shi, katakon da ke shimfiɗe a bakin tagar ɗakin, wanda babu inda za ka ɗora yatsa a jikinsa ba ka taɓa karce ba.

Wanda ya san mutumin zai ce wasa ake yi, domin duk rayuwarsa da karce yake faɗa. A wurinsa wanke gilashi ba aiki ba ne, kowane sakarai mai bokiti da tsumma zai iya. A jikin firam da bakin taga ake gane wanda ya iya da wanda ya zo neman na abinci kawai. Ba ya kusantar taga da ruwa sai ya bi kowane lungu da busasshen burushi mai laushi, saboda ƙwayar yashi ɗaya in ta maƙale a jiƙaƙƙen tsumma ta zama wuƙa. Kai kana ganin gogewa kake yi, ashe yanka kake yi. Tsumman gilashi daban, na firam daban, kuma duk wanda ya faɗi ƙasa ya gama aiki a ranar. Kan tsaninsa a naɗe yake da tsohon bargo don kada ya ci jikin firam. Agogonsa a aljihu yake yini. Bokiti kuwa, in ka kuskura ka ɗora shi a bakin taga a gabansa, ranar za ka san yana da baki.

In ya tarar an riga an yi ɓarna, nan ne yake jin daɗin kansa. Sai ya bi wurin da farce. In farcen ya wuce bai tsaya ba, ciwon na sama ne: ɗan man goge baki a tsumma mai laushi ya ishi ƙarfe, ɗan kakin zuma ya ishi katako. In farcen ya faɗa ciki, sai ya kwaɓa garin katako da gam ya cike ramin, ya bari ya bushe, ya bi shi da samfefa mai laushi yana bin yadda zaren katakon ya kwanta, ba ya taɓa gitta shi. Kuma yana gane abin da ya yi kowane karce da kallo ɗaya. Wannan soson ƙarfe ne, wannan reza ce, wannan gindin tukunyar fure aka ja, wannan zoben mace ne. Ba wai wani ya taɓa tambayarsa ba ne.

To wa zai tambaye shi? Tagar da aka goge da kyau ba a ganinta, balle wanda ya goge ta. Akwai ofishin da ya yi shekaru yana maƙale a bayan gilashinsa, matar da ke zaune a teburin ciki ba ta taɓa ɗaga kai ba sai ranar da ta ga tabo, shi ma ɗin aikin tsuntsu ne. Da ƙarfinsa ya fara ja baya aka kawo wasu masu injin fesa ruwa, waɗanda ke wanke bene guda kafin ya gama taga biyu, su tafi su bar firam duk a kakkarce. Ba wanda ya ce uffan. Shi ma ba wanda ya ce masa sannu da aiki, an dai daina kiransa. Abin ya ci masa rai, kuma bai ɓoye ba. Har zuwa lokacin da ya daina fita, in ya bi ta gaban ginin nan sai ya kau da kai ya ja tsaki.

Mutum ɗaya ce take ganinsa sarai, ita kuwa ba yabo take yi ba. Matarsa, wadda kowa a gidan hayar yake kira Inna, Allah ya yi mata baki, kuma ba ta bar shi ya yi tsatsa ba. Da ya dawo ya ajiye bokiti za ta nuna masa gilashin tagarsu da haɓa.

"Malam, ka wanke wa duk garin nan ido, ka bar namu da kwantsa."

"Gobe, Uwargida."

"Goben nan taka ta girmi ɗanka."

Gaskiyarta ne. Yakan dawo hannuwa a mace, gilashin gida ba ya cikin lissafinsa. Amma katakon bakin tagar, wannan kam ya tsare shi. Tsohon katako ne mai kauri, irin wanda ba a samu yanzu, ya sha kaki har yana ɗaukar ido. Kofi ba ya sauka a kansa, buta ba ta sauka, ko allura Inna ta ajiye sai ta ji magana. Ta sha ce masa da katakon ya aura da an huta, tunda shi ba ya mayar da magana. Makullin ɗakin a wurinta yake, ɗaure da igiya a wuyan hannunta na hagu, tun ranar da ya sulluɓe daga aljihun Baba Tsaf yana saman tsani ya faɗa magudanar ruwa, suka yini a ƙofa suna jiran kafinta. Daga ranar ta ce wanda ba ya iya riƙe makulli ba a ba shi, kuma ba ta sake ba shi ba.

Ɗansu ɗaya. Yana makaranta in an tambaye shi aikin babansa sai ya ce a ofisoshi yake aiki kawai. Ya girma ya samu aikin tebur, 'yan gidan suka sa masa Akawu. Ba mugun ɗa ba ne, kada a ɗauki alhakinsa. Yana kawo magani, yana kawo cefane. Sauri ne ya yi masa yawa, irin mutanen nan da ke gaishe ka ƙafarsu ɗaya tana waje.

Ciwon ya sami Inna da hantsi, tana shanya. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, bakin nan da ya gagari layi guda ya karkace ya yi shiru. Likita ya ce ba lalle magana ta dawo ba, kuma ba ta dawo ɗin ba. A lokacin Baba Tsaf yana ɗan samun aikin shagunan ƙasa, waɗanda ba sa buƙatar tsani, dole ya fita. Sai ya riƙa zaunar da ita a kujera a jikin taga kafin ya tafi, don ta ga titi, maƙwabciya kuma ta riƙa leƙo ta. Hannun hagu kaɗai ke motsi, a nan kuwa makullin yake. In tana son abu sai ta ƙwanƙwasa katakon da shi.

Ranar da ya ga rami na farko a jikin katakon, abin kunya, katakon ya fara dubawa kafin fuskarta. Ya ninke tsumma ya shimfiɗa a ƙarƙashin hannunta.

"Uwargida, ƙwanƙwasa a kan wannan. Katakon mai kyau ne, kina ɓata shi."

Ta dube shi sama da ƙasa. Ta sa yatsu biyu ta ɗauki tsumman ta jefa shi ta taga. Sannan, idonta cikin nasa, ta kafa bakin makullin a katakon ta ja shi a hankali, daga gabanta har inda hannunta ya iya kaiwa. Ƙiiii.

Ya dubi layin, ya dube ta. Can sai ya fashe da dariya, ya yi ta yi har ya zauna a ƙasa, dariyar ta juye ta zama kuka. Tun da ta kwanta, ranar ce ta farko da ta yi masa faɗa.

Daga nan katakon ya zama bakinta, shi kuma ya koyi ji. Ƙananan ramukan da suka cunkushe a tsakiya na ruwa ne da shayi. Gajerun layukan da ke jere na "juya ni, bayana ya gaji" ne. Dogayen na fushi ne, kuma kowanne ya san ranarsa: wannan ranar da ya makara, wannan ranar da gishiri ya yi yawa, wannan mai zurfin na ranar da Akawu ya kawo maganar a kai ta gidan jinya. A kusurwar da ta fi kusa da titi kuwa akwai wani wuri da ya lotsa ya yi santsi, faɗin babban yatsa. Wannan ba kira ba ne. Maƙwabciya ce ta gaya masa cewa in yamma ta yi, lokacin dawowarsa, Inna takan kafa ido a kwanar titi tana murza makullin a wuri ɗaya, ba ta dainawa sai ta hango bokitinsa. Matar da ta yi shekaru tana ce masa in ya ga dama ya kwana a saman tsani ke nan.

A lokacin ne goben tasa ta zo. Kullum da safe sai ya goge gilashin ciki da waje kafin ya zaunar da ita, tunda ta nan kaɗai take ganin duniya. Ita kuwa sai ta ɗaga hannu ta nuna masa inda ya bar tabo, ko da babu tabon. Yakan koma ya goge wurin, ya ce mata ta cika fitina.

Ta rasu a farkon damina, a kujerar, makullin a hannunta. Matan da suka yi mata wanka suka zare igiyar suka miƙo masa. Bayan an watse daga zaman gaisuwa, kujerar ta zama tasa. Idonsa ya fara hazo, amma yatsunsa ba su tsufa ba. Da safe sai ya zauna ya bi katakon da su, layi bayan layi, wani lokaci har ya mayar da amsa: "To na ji, na ce na ji." Babu hotonta mai kyau a ɗakin, babu muryarta a wayar kowa, tufafinta an raba. Abin da ya rage masa na faɗan Inna shi ne wannan katako.

Sai aka sayar da gidan. Sabon mai shi ya aiko da saƙo cewa kowa ya tashi, za a yi fenti a zuba sababbin 'yan haya. Akawu ya ji daɗi, bai ma iya ɓoyewa ba.

"Baba, ai faɗuwa ce ta zo mana da sauƙi. Ɗaki na nan a gidana, an share, an sa labule, jikokinka suna ta tambaya. Me kake yi a nan kai kaɗai?"

"Wa ya ce maka ni kaɗai ne?"

Akawu ya bi hannun babansa da kallo, ya ga inda yake kwance, ya sauke murya. "Baba, katako ne fa."

"Na san katako ne. Ni zan gaya maka katako."

"To bari in ɗauka maka a waya." Ya ɗauka, ya juya ya sake ɗauka, ya miƙo masa. Baba Tsaf ya kai wayar kusa da ido. Wani abu ne mai ruwan ƙasa, hasken taga ya cinye rabinsa. Ya shafa fuskar wayar da yatsa, sumul, babu inda farce zai faɗa. Ya mayar masa da abarsa.

Washegari ya nemi mai kula da gidan, wanda ake kira Wakili, mutum mai tarin makullai a ƙugu da fara'ar da ba ta hana shi cewa a'a.

"Wakili, alfarma nake nema. Katakon bakin tagar nan nake so in cire in tafi da shi. Zan sa wani a madadinsa, wanda ya fi shi."

Wakili ya shigo ya duba, ya ƙwanƙwasa bango. "Baba, a cikin siminti yake. In ka ɓamɓare shi bango zai biyo shi, firam ya motsa. Ni kuma me zan ce wa mai gida?"

"Na san yadda zan cire shi ba abin da zai motsa."

"Na san ka sani. Amma an ce min ko ƙusa ba a fita da ita, kuma ni ɗan aike ne." Ya sake kallon katakon ya kama haɓa yana dariya. "Kai Baba, kai da ake kira Tsaf, a ɗakinka aka yi wa katako wannan cin mutunci? Kada ka damu, mai fenti zai rufe maka asiri."

Baba Tsaf bai yi masa bayani ba. Ya taɓa yi wa wani bayanin aikinsa an saurare shi ne, balle wannan? Ya raka shi ƙofa, ya dawo ya zauna, abincin ranar bai shiga ba.

Ranar tashi Akawu ya zo da motar kaya tun da safe. Ana cikin fitar da gado sai ga mai fenti, domin Wakili yana sauri, ya ce ɗakin da aka kwashe a fara da shi. Ƙaton mutum ne mai yawan raha, rigarsa ta sha launi iri-iri, 'yar rediyo a rataye a wuya. Ya gaida Baba Tsaf har ƙasa, ya shigo, ya duba inda zai ajiye kaya, ya ɗaga bokitin fenti ya dire shi a bakin taga.

"Sauke."

"Na'am, Baba?"

"Na ce sauke bokitin nan."

Ya sauke yana murmushi, irin na wanda ya saba da rigimar tsofaffi. Ya buɗe murfi, ya tsoma burushinsa wanda gashinsa ya sandare da tsohon fenti, ya nufi katakon.

"Haka za ka shafa? A kan ƙura?"

"Baba, ɗakuna da yawa ne. In na ce zan bi ƙura, sai bara ta dawo ban gama ba."

"Ba ka kakkaɓe ba, ba ka cike ba, ba ka goge ba."

"Fenti zai rufe."

Baba Tsaf ya dubi katakon. Ya hango a ransa farin fentin nan mai ruwa-ruwa yana gangarawa cikin layukan Inna tare da ƙura da gashin burushi, ya ji kamar za a rufe mutum ba a yi masa wanka ba. Ya riga ya sallama cewa yau katakon zai tafi. Amma ba a hannun wannan ba, ba haka ba.

"Je ka yi ƙofa," in ji shi. "Bar min nan."

Mai fenti ya ɗaga kafaɗa, ya ɗauki bokitinsa ya koma firam ɗin ƙofa, ya ƙara wa rediyonsa murya.

Baba Tsaf ya zaro jakar kayan aikinsa daga cikin kayan da aka ɗaure. Niyyarsa ya kakkaɓe ƙurar kawai, Allah ya sani. Ya cire agogo ya sa a aljihu. Ya bi katakon da burushi mai laushi, lungu-lungu, har ramukan suka fito fes. Sai ya ɗora farce a kan dogon layin nan na farko, na ranar tsumma, farcen ya faɗa ciki. Duk wanda ya yi shekaru yana abu ɗaya ya san abin da ke biyo baya. Inna ma ta sha faɗa masa cewa hannunsa ya fi shi ƙarfi. Kafin ya gama tunani ya buɗe gwangwanin garin katako, ya zuba gam, yana kwaɓawa da yatsa.

Ya ce wa kansa ai fenti zai cinye su ko ta yaya, gara su tafi da mutunci. Ya cike layin ranar tsumma. Ya cike na ranar gishiri. Mai zurfin nan na gidan jinya sai da ya bi shi sau biyu, domin ya sha gam ya lotsa. Ramukan shayi ya bi su ɗaya bayan ɗaya da bakin ashana. Yana yi hawaye na zuba, yana kau da fuska gefe don kada su ɗiga a kan aikin, ruwa yana hana gam kamawa. Da ya bushe ya naɗe samfefa a jikin ɗan guntun katako ya fara gogewa, yana bin zaren itacen, a hankali, yadda ya saba. Gajerun layukan nan na "juya ni" ba su da zurfi, su suka fara ɓacewa. Garin katako mai laushi ya rufe masa yatsu.

Akawu ya leƙo. "Baba, mai mota yana ta—" Sai maganar ta tsaya. Ya ga abin da ake yi, ya ga fuskar babansa, ya jingina da bango. Karon farko a rayuwarsa ya tsaya ya kalli aikin tsohon daga farko har ƙarshe, bai duba agogo ba.

Kusurwar titi ya bari ƙarshe. Ya ɗora babban yatsansa a cikin lotsawar, ta karɓe shi daidai. Ya daɗe a haka. Amma katako ba ya yiwuwa rabi a goge rabi a bari, ido zai gani, hannu zai ji. Ya cike ta, ya jira, ya goge. Ya kakkaɓe, ya shafa kaki, ya murza da tsumma mai laushi har tsohon launin ya dawo. Bai taɓa yin aikin da ya kai wannan kyau ba, kuma ya sani.

Mai fenti ya rage muryar rediyo ya matso, burushi na ɗiga a hannunsa.

"Kai! Baba, wannan ai ba ya son fenti ma, haramun ne in taɓa shi. Wallahi ka sha wahalar banza. Ni da ka bar ni, shafa ɗaya zan yi in wuce, ba na cikewa, ba na gogewa. Duk abin da ke ƙasa yana nan abinsa. Dubi ƙofar can."

Baba Tsaf ya juya. Firam ɗin ƙofar ya yi fari fat, fentin bai bushe ba. A daidai ƙugu ga wani tsohon rauni, inda ƙafar gado ta ci katakon ranar da suka tare a ɗakin suna ango da amarya, Inna tana cewa a karkata shi yana cewa a tura. Ga shi nan a ƙarƙashin sabon fenti, ko kaɗan bai ɓuya ba. Can ƙasa ga inda keken Akawu na yarinta ya yi ta gogar wurin. Shi ma yana nan.

"Fenti launi kawai yake canzawa, Baba," in ji mai fenti. "Damina ɗaya ma ya fara tashi."

Baba Tsaf ya san haka. Shi ne abin takaicin, ya fi kowa sani. Maganar da ya yi shekaru yana faɗa wa masu aikin ha'inci ke nan, cewa fenti ba ya ɓoye karce. Da ya kama bakinsa ya bar malalacin nan ya yi aikinsa na banza, da layukan Inna suna nan ƙarƙashin farin fenti. Wata rana wata mata ta jingina da tagar, yatsanta ya faɗa cikin lotsawar nan, ta ce ko wa ya zauna a nan. Shi ma da ya biyo ta layin ya roƙi a bar shi ya taɓa. Wakili bai goge su ba, sabon mai gida bai goge su ba. A duk garin mutum ɗaya ne ya iya goge su yadda ba za su dawo ba, kuma aikinsa ba ya warwarewa.

Ya sa farce ya bi katakon daga wannan gefe zuwa wancan. Farcen ya wuce bai tsaya ba.

Ana haka Wakili ya shigo, makullansa na kaɗawa. Ya ga bakin tagar ya ja birki.

"Iko sai Allah! Baba, sabon katako ka sa?" Ya sunkuya ya leƙa ta gefe. "A'a, shi ne. Tsaf! Kamar ba a taɓa zama a ɗakin nan ba. Mai gida zai ji daɗi. Akwai ma ɗakuna biyu a sama da yara suka ɓata, in kana da hali." Ya miƙo tafin hannu. "Sai makulli."

Baba Tsaf ya zaro shi daga aljihun gaba. Igiyar tana nan, ta yi baƙi da zufar hannunta, bakin makullin ya cinye ta gefe ɗaya. Ya tsaya da shi a saman katakon, tazarar yatsa. Akawu ya matso har kafaɗarsa ta taɓa tasa, ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Baba, ja ɗaya. Ni zan amsa."

Hannun Baba Tsaf ya sauko kaɗan, ya tsaya. Bai taɓa karce katako da gangan ba, kuma ko ya yi, nasa ne zai zama, ba nata ba. Ya juya ya sa makullin a tafin Wakili. Wakili ya gwada kunce ƙullin igiyar ya gagara, ya ce ba komai, hakan ma ya fi, sabon ɗan haya ba zai yar da shi ba. Ya rataya shi cikin 'yan uwansa a ƙugu.

Mai mota ya danna hon a waje. Baba Tsaf ya tattara burushi da samfefa da gwangwanin gam ya mayar jaka, ya sa agogonsa. Har ya kai ƙofa sai ya waiga, hasken taga ya nuna masa shatin yatsunsa a kan kakin, inda ya dafa ɗazu. Ya dawo, ya zaro tsumma, ya goge wurin, sannan ya bi ɗansa.